Gilashi na Arba'in da Bakwai

Ban taɓa ganin fuskarka ba, Manga Barde.
Abin da ya iso min naka bai kai ƙwayar dawa ba,
cikin 'yar kwalba, da takarda a naɗe:
shekara hamsin da takwas, Dadin Kowa,
tumbi na ci da wuta tun kaka,
tuwo ba ya zama,
mazagin wando kullum sai an ƙara tsukewa.

Rifkatu ta daskarar da shi cikin kaki,
ta fere shi siriri, ya fi ɓawon albasa,
ta rina shi ja-ja da shunayya
kamar atamfar ranar suna.
Kai ne na arba'in da bakwai yau.
Mu biyu ke karatun nama a nan,
ɗayan ya tafi ta'aziyya Kumo.

Na duba. Na ga kumburi irin na gyambon ciki,
abin da nake gani safe da yamma,
har hannuna ya kai ga biro:
ba daji.
La'asar ta yi sakaliya, idona yaji,
bayana na kiran katifa.

Sai allon ya zana da'ira.
Can gefe, inda naman ya naɗe kamar bakin tabarma,
'yar ja, irin ta malamin lissafi.
Na ce, ke kuma?
Jiya ƙura kika zagaye, shekaranjiya kumfa,
ran Talata kika ci min rabin awa
a kan tsagin wuƙar Rifkatu.

Ba ta tanka ba. Ba ta iya fushi.
Na ja kujera, na ƙara girman hoton.

Ga su.
Biyar, shida, wata ta laɓe bayan 'yar'uwarta,
kowace ta cika cikinta da majina,
ta ture zuciyarta gefe
har ta koma kamar zoben azurfa.
Shigar burtu suka yi cikin garken lafiyayyu.
Na koma madubina, na nemo su da kaina,
na ƙirga, na sake ƙirgawa.
Fankar sama tana juyi, ni na daina.

Malam Gidado da ya koya min aikin nan
yakan ce ido ba mudu ba, amma ya san kima.
Allah ya jiƙansa, bai faɗa min
idon ƙarfe biyar na yamma ba ya kai na safe.
Ita an ce ta kalli tumbi dubu ɗaruruwa,
na mutanen da ba su san miyar kuka ba.
Ba ta da ɗiya mai zazzaɓi a gida,
ba ta jin kiran salla, ba ta jin yunwa.
Ba ta kuma san cewa kai kake noman shinkafa
a ƙasan madatsar ruwa,
ko nawa buhu zai tafi kafin a kai ka tiyata.

Ta nuna, ta yi shiru.
Sa hannu nawa ne.

Na soke layin farko, na rubuta sunan ciwon,
na ƙara da cewa da alama bai yi nisa ba,
a hanzarta.
Biron ya yi nauyi kamar taɓarya.
Ban sani ba ko godiya ake wa injin,
ko kunya ake ji a gabansa.
Na ji duka biyun, na sha ruwa.

Da zan fita na bi ta barandar maza.
Masu jinya sun baje tabarmi, ana zuba kunu,
wani dattijo dogo ya ture kofinsa da bayan hannu,
yaro na lallashinsa da Fulatanci.
Na rage sauri. Ban tambaya ba.
Gombe ta kunna fitilunta, masu Keke na ta oda,
na arba'in da takwas na kan tebur,
sai da safe.